Sojojin laima na Birtaniya: sauka ba ita ce wahalar ba

Duk wanda ya kalli hotunan sojoji suna zubowa daga sama da laima sai ya ɗauka tsallen ne babban aiki. Ni kam da na bi tarihin na Birtaniya sai na ga ashe masifar a ƙasa take jiransu.

A watan Yunin 1940 ne Firaminista Churchill ya ce a haɗa masa sojojin laima 5,000, bayan ya ga yadda Jamus ta yi amfani da nata a Holan da Beljiyam. Aka fara atisaye a Ringway kusa da Manchester, kuma jirgin da suke da shi, Whitley, ba ta ƙofa ake fita ba, rami ne aka huda a ƙasansa, in ba ka miƙe sosai ba fuskarka ta bugi bakin ramin ka sauka da jini a hanci. Kuma duk tsawon yaƙin duniya na biyu laima ɗaya kowa ke goyawa, babu ta ko-ta-kwana.

Farmakin farko a Fabrairun 1941 a kudancin Italiya, mutum 38 aka tura su fasa wata hanyar ruwa, sun fasa ɗin amma kusan duk an kama su. Shekara ɗaya bayan nan a Bruneval da ke Faransa abin ya yi kyau, Manjo John Frost da yaransa suka kwance sassan na'urar radar ta Jamus suka fice ta teku.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne na Merville, wani sansanin manyan bindigogin Jamus a gaɓar tekun Faransa da aka tura su su lalata, daren 6 ga Yunin 1944. Bataliyar Laftanar Kanar Otway mutum sama da 600 ne suka diro, iska da duhu suka warwatsa su, wasu suka faɗa cikin fadamar da Jamusawa suka cika da ruwa da gangan suka nutse da kayansu a jiki. Da lokaci ya yi mutum wajen 150 kawai ya gani a gabansa, yawancin kayan aikin ma ba su iso ba, haka nan ya ce a shiga, kuma suka shiga, kusan rabinsu aka kashe ko aka jikkata.

Sai Arnhem da ke Holan a Satumbar 1944, nan fa ni ina ganin laifin masu tsarawa ne ba na sojojin ba. Ya za a yi ka sauke mutane kilomita wajen 13 daga gadar da kake so su kama, kuma ba a rana ɗaya ba, alhali akwai tankokin Jamus a yankin? Frost ɗin nan dai shi ya isa gadar da mutum kusan 740, suka riƙe ta har harsashi ya ƙare, taimakon da aka yi musu alkawari bai iso ba. Cikin wajen 10,000 da aka sauke a Arnhem, kimanin 2,400 ne suka tsallake kogin Rhine suka dawo. Wallahi abin da ciwo.

A Maris 1945 da za a tsallaka Rhine an gyara, aka sauke kowa rana ɗaya kusa da sojojin ƙasa.

Babbar sauka ta ƙarshe a fagen yaƙi ita ce ta 5 ga Nuwamban 1956, bataliya ta 3 ta diro filin jirgin El Gamil a Port Said lokacin rikicin Suez, yaƙin da ni ban ga hujjarsa ba tunda Masar mashigin ruwanta ta karɓa. Washegari aka kai wasu sojojin ruwa bakin gaɓa da helikwafta, wanda shi yana ajiye mutane wuri ɗaya kuma ya kwashe masu rauni, tun daga nan laima ta fara komawa baya.