Kafin A Zauna Da Maƙwabta A Kan Ruwan Kalmalo

Aikin ruwa nake yi a nan Sakkwato. Wata rana takarda ta iso daga Abuja, ana neman bayanin jiha kafin zaman Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971. Jiha ba ta zama da wata ƙasa ita kaɗai, domin tsarin mulkin 1999 ya bar harkokin waje a hannun tarayya. Namu shi ne mu ɗora wa wakilai abin da za su faɗa.

Abin da ke cin raina shi ne tafkin Kalmalo na Illela. Kogin Maggiya ke kawo masa ruwa daga Nijar, kuma yana cikin kogunan da Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta ce a raba ruwansu bisa adalci. Na je da ƙafata. Na tarar da kwale-kwale a kife kan busasshiyar laka, mai shi na zaune a gefe yana ɗinkin koma.

Da muka haɗu zaman share fage, kowace ma'aikata ta zo da fayil ɗinta. Masu noma na son a nemi ƙarin ruwa domin albasar rani, masu muhalli na tsoron ambaliya, ni kuma na kawo awon da aka ɗauka da damina alhali nasu na bazara ne. Muka kwashe yini muna musu, ashe ba abu ɗaya muke aunawa ba. Wannan kuskure nawa ne, har yau yana damuna.

Wani dattijon darakta ya ajiye tabaransa ya ce mini, "Malam, in muka tafi da baki uku, wanda ya yi musu daɗi za su ɗauka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga."

Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Washegari muka fara da daidaita awo, sannan muka rubuta abin da ake nema, da wanda za a iya sassautawa, da wanda ba a taɓawa. Lauyoyi suka bi kalma-kalma, tunda takardun can da Faransanci suke, namu da Ingilishi, duk da cewa mutanen Birnin Ƙonni da na Illela Hausa ɗaya suke ciniki da ita. Shafi biyu muka aika Abuja, kowa ya sa hannu, na maƙala hoton kwale-kwalen nan a baya.