Zagaye na 58 a garajin Kawu

Daren Lahadi 5 ga Disamba 2021, ana gama tseren motoci na Formula 1 a Jidda, wanda ya bar Hamilton da Verstappen da maki ɗaya, wayar Kawu ta shigo. Ko gaisuwa bai tsaya mun gama ba ya ce, "Ka ga lissafi? 369 da rabi nan, 369 da rabi can. Ka taho Maradi mu kalli na ƙarshe, na Abu Dabi, tare." Na ce masa akwai aiki a gabana. Ya ce aiki ba ya ƙarewa, amma rabon da a shiga tseren ƙarshe na Formula 1 mutum biyu na kunnen doki tun 1974, lokacin shi kansa yana yaro. Daga nan ban sake musu ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, bakanike, kuma a wurinsa na fara jin sunan direbobin tsere Prost da Senna tun ban san ina Faransa take ba. Ya koyi aiki a Yamai a hannun wani Bafaranshe mai ajiye mujallun tsere da kaset-kaset na bidiyo, daga can ya kwaso wannan ƙauna ya dawo da ita gida. Yanzu ƙafa ta fara ba shi wahala, tafiya ta yi masa wuya, don haka ni ne mai zuwa.

Ranar Asabar bayan sallar asuba na shiga ƙaramar bas a Damagaram. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, kowa ya naɗe kai da rawani ko mayafi. Mun wuce Takeita rana ba ta gama fitowa ba. Gonaki duk an girbe, sai kara a tattare da rumbuna cike, ga itatuwan gawo sun yi kore shar kamar yadda suka saba idan sauran itace sun zubar da ganye. A Tasawa muka tsaya, na sha shayi da burodi a tsaye, hannuna na rawa don sanyi.

Tsakanin Tasawa da Gazawa ne direbanmu ya hango wata bas irin tamu a gaba. Ya san in ta riga shi isa, ita za ta kwashe fasinjan bakin hanya. Sai ya taka. Wancan ma ya gane, ya taka. Suka jera a kan kwalta mai layi biyu, madubi na neman taɓa madubi, ga amalanken shanu can gaba ɗauke da kara. Wata tsohuwa da ke bayana ta dafa kujerar direba ta ce, "Ɗana, mu ba buhunan gero ba ne, muna da masu jiranmu." Ya ɗaga ƙafa, ɗayan ya wuce. Na daɗe zuciyata na bugawa. Ni da na baro gida don in kalli mutane biyu na tsere da gudun da ya haura kilomita 300 a awa, wannan ɗan abin ya fi tsorata ni, domin su can an tanadar musu fili da likitoci da doka, mu kuwa nan sai Allah da bakin tsohuwar nan.

Muka ratsa Agye da Cadawa, kafin azahar muna Maradi. Ɗan kabu-kabu ya kai ni garaji. Na tarar Kawu zaune a kan tsohuwar kujerar mota da aka cire aka jingina da bango, yaransa biyu na kwance a ƙarƙashin wata Hilux. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka fito da talabijin daga ɗakin ajiyar kaya aka ɗora a kan durom. Ƙarfe biyu muka kalli gwajin da ke tsara wanda zai tashi a gaba. Verstappen ya zo na ɗaya, bayan abokin tafiyarsa Perez ya shiga gabansa a miƙaƙƙiyar hanya ya tsage masa iska. Hamilton na biyu. Kawu bai kula da wannan ba. Abin da ya nuna mini shi ne taya: Verstappen zai tashi da mai laushi, Hamilton da matsakaiciya. Ya ce, "Mai laushi tana kama ƙasa, amma ba ta jimiri. Gobe maganar taya ce."

Da dare aka ɗora shayi a ƙofar gida, 'yan fada suka taru. Ni ɗan Hamilton ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Yaron da ubansa ya riƙa haɗa aiki biyu da uku don ya saya masa ƙaramar motar tsere, baƙar fata ɗaya tilo a cikinsu, ya kai kambun duniya bakwai daidai da tsohon direba Schumacher, yanzu saura tsere ɗaya ya yi na takwas da babu wanda ya taɓa yi. Samarin garajin kuwa yawancinsu na Verstappen ne, ɗan Holan mai shekara 24, suna cewa shi ba ya jin tsoron kowa. Aka tuno tseren Silverstone na Ingila a watan Yuli, inda suka gogu a kwana Verstappen ya daki shinge har aka kai shi asibiti. Aka tuno tseren Monza na Italiya a Satumba, inda motar Verstappen ta hau kan ta Hamilton, tayar baya ta sauka daidai kansa, ƙarfen nan da ke kewaye da kan direba ne ya tare. Abin da kowa ke tsoro ɗaya ne: tunda maki ɗaya suke amma Verstappen ya ci tsere 9, Hamilton 8, in suka yi karo duka suka fita, kambu na Verstappen ne.

Nan Kawu ya karɓi magana, kuma har aka sha shayi na uku shi ke riƙe da ita. Ya ce wannan tsoron yana da asali. A 1989, a Suzuka ta Japan, Prost da Senna suna kamfani ɗaya, McLaren, amma ba sa ga-maciji. Senna ya kutso ta ciki a wata 'yar karkatacciyar kwana, Prost ya rufe ƙofa, suka sarƙe suka tsaya. Prost ya fito ya tafi. Senna ya sa aka tura shi, ya koma, ya canza hancin mota, ya ci tseren, sannan alƙalai suka soke nasarar suka ce ya yanke kwana. Kambu ya tafi ga Prost, kuma shugaban hukumar tseren a lokacin, Balestre, Bafaranshe ne kamar Prost, abin da Senna bai taɓa mantawa ba. Shekara ta zagayo, 1990, fili ɗaya, Prost ya koma Ferrari. Senna ya zo na ɗaya a gwaji, ya nemi a mayar da wurin tashinsa gefen da ya fi tsabta, aka hana. Ana tashi Prost ya wuce gaba, Senna ya ƙi taka birki a kwanar farko, suka tafi cikin tsakuwa su biyu, kambu ya zama nasa. Bayan shekara guda ya faɗa da bakinsa cewa da gangan ya yi.

Kawu mutumin Prost ne har gobe, yana cewa direban kirki shi ne wanda ke kai mota gida lafiya. Amma da ya zo kan 1 ga Mayu 1994, ranar da Senna ya rasu a hatsarin tsere a Imola ta Italiya, muryarsa ta sauka. Ya ce Prost ya tafi har Barazil, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar. Wani saurayi ya tambaya, "Maigida, to duk gabar ta mene ce?" Kawu ya ce a Maradi bai kamata a yi wannan tambaya ba, garin da filin kokowarsa ke ɗauke da sunan Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobin ƙasa a 1975. Ɗan kokowa ba ya zama abin faɗa sai da wanda ya isa ya kā da shi.

Lahadi tun ƙarfe ɗaya aka yi azahar aka share garaji. An jera benci, an sa mai a injin wuta an ajiye kusa don kada a ɗauke mana ana tsaka. Mun kai mutum ashirin, har da wani mai sayar da rake da ya jingine baronsa ya zauna. Ƙarfe biyu daidai fitilun tashi suka mutu a Abu Dabi, aka fara tsere.

Hamilton ya fizga ya wuce tun kafin kwanar farko. Verstappen ya kutso masa a zagayen farko, Hamilton ya fita gefen hanya ya dawo yana gaba, alƙalai suka ce babu laifi. Samari suka tashi tsaye suna cewa an fara. A gaskiya ni ma na ga kamar an yi wa nawa sassauci a nan. Daga nan Hamilton ya riƙa nisa. Ya canza taya a zagaye na 14 ya sa mai tauri, da niyyar ta kai shi ƙarshe. Perez ya tsaya masa a gaba kusan zagaye biyu yana tare hanya kamar mai tsaron ƙofa, har ratar ta narke, amma da ya samu ya wuce sai ya sake buɗe ta. Saura zagaye shida cikin 58 yana gaba da fiye da daƙiƙa goma. Na fara jin hawaye na taruwa. Kawu ya dafa gwiwata ya ce, "Bari tukuna."

A zagaye na 53 wani direba mai suna Latifi ya daki bango, aka fito da motar kariya, wadda kowa ke bin bayanta a hankali har a kwashe tarkace. Ratar nan duk ta tafi. Red Bull, kamfanin Verstappen, suka kira shi ya sa sabuwar taya mai laushi, don ba su da abin asara. Mercedes, kamfanin Hamilton, ba su iya kiransa ba: in ya shiga, Verstappen zai zauna a waje ya karɓi gaba, kuma ana iya gama tseren a haka. Ya zauna da tayar da ta yi zagaye kusan arba'in.

Tsakaninsu akwai motoci biyar da aka riga aka zagaye. Da farko aka sanar cewa ba za su wuce ba. Can a zagaye na 57 daraktan tseren, Michael Masi, ya ce waɗannan biyar su wuce, su kaɗai, sauran da aka zagaye su tsaya inda suke, kuma motar kariya ta shiga a wannan zagayen. Yadda aka saba, kuma yadda dokar ta tsara, motocin da aka zagaye suna wucewa ne, sannan motar kariya ta ƙara zagaye ɗaya kafin ta janye. Da an bi haka, da a bayanta aka ƙare. Sai ga shi saura zagaye guda, sabuwar taya a bayan tsohuwa, babu kowa a tsakani. A kwana ta biyar Verstappen ya shige ta ciki. Hamilton ya sake jerawa da shi a miƙaƙƙiyar hanya, tayar ta ƙi ba shi. Shi ke nan: Verstappen 395 da rabi, Hamilton 387 da rabi.

Garaji ya kaure. Wani yaro ya ɗauki sifana yana dukan durom har talabijin na girgiza. Ni ban iya tashi ba. Mako guda ana tsoron abin da direbobi za su yi wa juna, har Masi da kansa ya ja musu kunne kafin tsere cewa wanda ya yi ganganci za a iya zare masa maki, kuma su biyun suka gama ba wanda ya taɓa wani. Abin da ya ɓata ranar daga kujerar alƙali ya fito. Har yau ina kan wannan ra'ayi, kuma hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, da kanta ta sauke Masi a Fabrairun 2022, rahotonta na watan Maris ya kira abin kuskuren ɗan Adam, ko da yake sakamakon bai canza ba.

Kawu ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya ce wa samarin su yi murnarsu, yaron bai saci komai ba, an buɗe masa ƙofa ya shiga, kuma wanda ya ci tsere goma a shekara ba a ce bai cancanta ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma dubi nan." A allon, Hamilton ya cire hular kwano, ya je ya miƙa wa Verstappen hannu. Mahaifinsa Anthony ma ya taka har inda Verstappen da ubansa Jos suke ya taya su murna. Kawu ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba, sai da ladan ya kira la'asar ya miƙo mini hannu in tashe shi.

Litinin ranar kasuwa ce a Maradi. Na shiga da safe na saya wa mahaifiyata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, na dawo na yi sallama da iyalin Kawu. Na ce ya zauna saboda ƙafarsa, ya ƙi, ya hau bayan babur ɗin yaronsa ya raka ni tasha. Motar Damagaram ta kusa cika, kamasho na ta kira saura mutum biyu, har na miƙa jakata. Kawu ya zagaya bayan motar yana dogara sanda, ya durƙusa da ƙyar, ya sa babban yatsa a kan tayar baya ya shafa. Ta suɗe sumul, har zare ya fara leƙowa a gefe. Ya miƙe ya karɓo jakar daga hannun kamasho, ya ce, "Ba wannan ba, ɗana. Zo mu zauna mu jira ta gaba."