Daga Ambursa zuwa Abuja, ni da Baba mai shinkafa

Bikin ƙanwar abokina ne ya kai ni Abuja, kuma gaskiya ban iya zaman mota ta Yawuri da Kontagora yini guda, sai na rufe ido na yanki tikitin jirgi. Na baro Argungu da sassafe, na iso filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa hazo ya rufe gari, ko bishiyoyin bakin titi da ƙyar ake gani. Aka ce mu jira. Mutane suka fara masifa wai ai jirgi na da na'ura, to na'urar tana kawo shi kusa ne, amma dole direba ya ga titin sauka da idonsa kafin ya dire, in bai gani ba sai ya koma sama, kuma jirgin da zai ɗauke mu daga Abuja zai taso.

A wajen awon kaya na haɗu da wani dattijo manomin shinkafa daga Suru, an sa shi ya buɗe jaka ya fiddo pawa bank. Ya juyo ya ce min "ɗana, wanga ɗan abu mi zai yi ma jirgi?" Na ce Baba batirin ne, irin na litiyam, in ya lalace yana zafi har ya kama wuta, in yana hannunka ma'aikata za su ga hayaƙi su kashe, in yana can ƙasa cikin kaya wa zai gani? Har na ba shi labarin Samsung Galaxy Note 7 da aka hana shiga jirgi da ita a 2016 saboda haka. Ya ce to shi tashi Tecno ce, Allah ya kiyaye.

Sai bayan azahar muka shiga, ashe kujerarmu ɗaya. Ma'aikaciya ta tsaya tana nuna yadda ake sa rigar iyo, Baba ya ce mu mutanen Kabi za a koya ma ruwa? Wani a baya ya ce ina ma ruwan yake tsakanin nan da Abuja, wani ya ba shi amsa wai Kainji fa, ko an kwashe ta ne. Dariya dai har ita ma'aikaciyar. Nan na tuno jirgin nan na Amurka a 2009, da ya tashi daga New York ya yi karo da garken dinya injinansa biyu duk suka mutu, direban mai suna Sullenberger ya dire shi a kan kogin Hudson, mutum 155 ba wanda ya rasa rai. Baba ya yi shiru, can ya ce shi bai ga laifin tsuntsaye ba, ai mu ma da jirgi ake bin jan-baki da feshi in sun faɗa ma shinkafa, ramuwa ce. Wallahi wannan ta fi duk barkwancin da nake gani a Facebook.

Da muka yi sama kunnena ya toshe. Iskar cikin jirgi matsinta bai kai na ƙasa ba, shi ya sa dodon kunne ke turowa, maganin kawai ka haɗiye yawu ko ka yi hamma. Baba ko a jikinsa, goro yake ci tun daga Ambursa.

Can tsakiyar tafiya jirgi ya yi gargada kamar an hau hanyar da damina ta cinye, wata Hajiya ta kama salati da ƙarfi, masu dariyar ɗazu kowa ya nutsu yana laluben bel. Ni a ganina bel ɗin nan ma bai kamata a kwance shi ba sam, don a irin wannan girgiza waɗanda ba su ɗaure ba su ke buga kai da rufi, jirgin kansa an ƙera shi ya jure.

Awa ɗaya da 'yan mintuna sai ga mu a Abuja, jirgi bai gama tsayawa ba jama'a sun miƙe suna rububin jaka. Muka haɗa kuɗin tasi ni da Baba. Direban ya hau titin Lugbe yana zuba gudu yana amsa waya, bel ɗin baya kuma an cusa shi ƙarƙashin kujera. A nan ne na ji Baba ya fara nasa salatin.