Inci 12 a sama, inci 18 a ƙasa

Aikin sono, wato kafa lasifika a wurin taro, nake yi a garin Tawa: aure, suna, wani lokaci wa'azi. Kusan duk a waje ake yi, ƙarƙashin tanti ko tsakiyar titi, babu bangon da zai maido da sauti, shi ya sa bas, wato sauti mai kauri, ke saurin ɓacewa.

Da na tashi sabunta kaya, sai na jera lasifika biyu masu faɗin inci 12, Yamaha DBR12 da QSC K12.2, dukansu masu ampli (na'urar ƙara ƙarfin sauti) a ciki. A takarda QSC wat 2000 ce, Yamaha 1000. Yarona ya ce, "Maigida, ai wannan ta ninka waccan." Kunne bai yarda ba. Ninka wat desibel (ma'aunin ƙara) 3 kawai yake ƙarawa, kuma iyakar ƙarar da kamfanonin suka rubuta desibel 132 ce ga QSC, 131 ga Yamaha. Gaskiya muryar QSC ta fi fita tas in an matsa mata, sai dai tsada. Na ɗauki Yamaha, rarar kuɗin na zuba ta a akwatin bas DXS18 mai inci 18.

Abokan sana'a sun fi son lasifika mai inci 15 a kan sanda, don girmanta na burge mai biki. In akwai akwatin bas a ƙasa, wahalar ɗauka ce kawai.

Wurin haɗawar ne aikin yake. Nakan yanke lasifikar sama a 100 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti), akwatin bas ma a 100: ita ta ɗauki abin da ya haura nan, shi ya ɗauki na ƙasa, kowa ya kama rabonsa. In aka bar su suna rige-rigen fitar da bas, muryar maroƙi sai ta dagule, kalangu ya koma gunji. Bayan haka in tsaya inda jama'a za su zauna, yaro ya riƙa juya maɓallin polariti, mai juya bugun lasifika gaba ko baya. Inda na ji bugun ya cika ƙirji, nan ake bari.

Da na ƙaro akwati na biyu, ban raba su dama da hagu ba. Rabawar tana tara bas a tsakiya, gefe kuwa wani wurin da ƙarfi wani wurin fayau, alhali can mata ke zama. Manne da juna nake ajiye su a gaba, ko da mai hoto zai yi ta ƙorafi.

Sai zafin Afrilu, sama da digiri 40. Ampli yana bayan akwati. Rana na dukansa, jar fitila za ta fara ƙyaftawa, sautin ya ragu da kansa. Tabarma nake ɗaurawa ta yi masa inuwa, ba tare da na toshe masa iska ba.