Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Hunturun da ya fasa mana akusa

A makon jiya na tsaya a inda muka samu rumfa a bayan gidan shugaban ƙungiyarmu ta masu murza itace a Birnin Kebbi, muka kafa injin murza itace guda biyu. Ɗaya na hannu ne da aka sayo daga Kano, ɗayan kuma wani ɗan ƙungiyarmu da muke kira Injiniya ne ya haɗa shi da moton tsohon famfon ruwa, ya sa masa fuli da bel don rage gudu. Duk Asabar da hantsi muke haɗuwa, kowa ya ajiye kuɗin man janareto a gwangwani, mu yi ta tayar da ƙura har a kira azahar. A cikinmu akwai tsohon malamin makaranta, da tela, da ma'aikacin jinya, da ni ɗan sakatariya, ga ɗalibai da ke leƙowa. Babu wanda ya gaji sassaƙa. Mahaifiyata ma har ta rasu ba ta daina tambayata abin da ya haɗa mai albashi da aikin masassaƙa ba.

Wajen ƙarshen 2019 aka fara maganar za a dawo da bikin kamun kifi na Argungu, bayan kusan shekara goma ba a yi ba. Wanda bai san Kabi ba ba zai gane yadda labarin ya motsa mutane ba. Biki ne da ake yi tun 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke tattali a 2016, ga baƙi daga ko'ina suna cika bakin kogin Matan Fada. Shugaba ya ce lallai mu ma mu kai kaya, ko da tabarma ɗaya ce. Injiniya ya so mu yi ƙafafun tebur, tela ya ce wa zai ɗauki ƙafar tebur ya koma da ita Legas? Aka tsaya a kan akushi mai murfi.

Mun yi sa'ar wata dalbejiya da aka sare a unguwarmu, mai gidan ya ce mu kwashe. Ɗanyen itace daɗin murzawa gare shi. Kana ɗora bakin ƙarfe sai ɓawon ya riƙa fita dogo-dogo yana naɗewa a hannunka, ruwan itacen na fesowa a gaban riga, babu ƙura, babu tari. Kafin azahar mutum ya fafe akushi, ya goge da sanfefa, ya shafe da man kaɗanya. Muka jera su a kan kanta muna ɗaukar hoto.

Sai hunturu ya sauko. Wata Asabar muka buɗe rumfa muka tarar fiye da rabi sun tsage tun daga gindi har baki. Waɗanda suka tsira kuma sun karkace sun koma siffar ƙwai, murfi ya ƙi zama.

Tela ne ya ce akwai wani tsoho da ke kawo turame kasuwa daga wani ƙauye a hanyar Argungu, abokin mahaifinsa ne. Asabar ta gaba ya ɗauko shi a babur, da gizagonsa rataye a kafaɗa. Bayan an gaisa, tsohon ya ɗauki akushi ɗaya ya kife shi, ya sa farce a daidai inda tsagar ta faro.

“Wa ya bar zuciyar icce ciki?”

Shugaba ya ce, “Baba, ai haka muka yanko gungumen, muka ɗora.”

“To wanga ko da damina sai ya tsage, Malam, balle yanzu.”

Ya sa aka mirgino masa gungume, ya raba shi biyu a tsaye, ya sassabe tsakiyar ya yar, ya ce kowane ɓari akushi ɗaya ne. Dalilin shi ne itace ba ya motsewa daidai ta kowane gefe in yana bushewa. Ta tsawo kusan ba ya raguwa, ta kewaye kuwa yana ja sosai, kuma duk jan a kan zuciyar yake taruwa. Shi ya sa tsaga ke farowa daga can, shi ya sa kuma da'ira ke karkacewa. Ya ce shi fafewar farko da kauri yake barinta, ya tura cikin ɗaki mai inuwa, ya rufe da ɓawon da ya sassaƙe, sai bayan watanni ya dawo ya gyara. Nan Injiniya ya yi tsalle, ya ce abin da masu murza itace na Ingila da Amurka ke yi ke nan: a bar kaurin bango ya kai kashi 1 cikin 10 na faɗin akushin, wato mai faɗin santimita 30 a bar masa 3, a toshe bakin jijiyar itacen da kakin zuma, in ya bushe a mayar kan inji. Baba ya dube shi ya ce, “Su ma wani tsoho ya hwaɗa musu.”

Daga nan hira ta koma kan itatuwa, kuma a ganina wannan ce Asabar mafi amfani da muka taɓa yi. Ƙirya ta turmi da taɓarya ce, ita ce kuma gawayin maƙera, amma za ta cinye kaifin ƙarfe nan da nan. Aduwa ta allo ce. Maɗaci yana da kyan ja, sai dai ƙurarsa na sa atishawa da ɗaci a maƙogwaro. Kaɗanya kuwa ya ce ko kyauta aka ba mu ɗanya kada mu karɓa, domin abincin matan ƙauye ce, sai wadda ta faɗi da kanta.

Da ƙyar muka shawo kansa ya taɓa injin. Dokarmu ita ce ba a tsayawa gabansa da babbar riga ko dogon hannu, kuma sai an rufe fuska, don haka shugaba ya yi ta kame-kame kafin ya iya ce wa dattijo ya tuɓe riga. Baba ya tuɓe, ya karɓi ƙarfen, ya shafa bakinsa da babban yatsa, ya miƙo mini. “Wasa shi tukuna.” Da na wasa ya ɗora, ɓawon ya fito siriri, wurin ya yi santsin da ba ya bukatar sanfefa. Sanfefar da muke ƙararwa duk mako, ashe dakushin ƙarfe muke biya.

Lissafi ya nuna akusan ba za su bushe kafin bikin da za a yi a watan Maris ba. Muka fafe su da kauri muka binne a buhunan ɓawo, muka koma wurin 'yan katako muka tsinto guntayen busasshen maɗaci don yin muciya, da 'yan gidajen kwalli, da ƙananan taɓare na dakan yaji. Su muka shirya wa Argungu.

Da zai tafi, shugaba ya dunƙula masa kuɗi, ya ƙi karɓa. Ya ce in muna son saka masa, mu riƙa murza masa taɓare, domin abin da ke cin masa yini da gizago ya ga injin zai gama kafin shayi ya huce, kuma zai biya. Babur bai gama fita layi ba gardama ta kaure: tela da ɗalibai suka ce ga kuɗin mai ya samu, shugaba ya ce shi bai kafa ƙungiya don ya zama ɗan ƙwadago ba. Yadda rigimar ta kusa raba mu, da abin da muka tarar a Argungu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.