Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har na kammala koyon gyaran gashi

Alhamdulillah, jiya na karɓi takardar shaidar kammala koyon gyaran gashi. Tun da na dawo nake son rubuta wannan godiya, domin akwai mutanen da in ba don su ba da tuni na ajiye almakashi.

Da malamata zan fara. Wata biyu kafin jarrabawa aka sanar da ni aikin da zan yi, wato fanelin. Shi ne rinin da ake tsaga kai a ware babban yanki na gashi a rine shi sukutum, maimakon tsintar sirara-sirara kamar yadda ake yi a hailait. Ɗoki ya ɗebe ni, na ce bari in gwada a kan ƙanwata. Ban tambaye ta yaushe ta sa rilaksa, wato man miƙar da gashi, ba, ashe kwana biyar ke nan. Na kwaɓa bilic, sinadarin cire launin gashi, da difelofa mai lamba 30, ruwan da ke sa shi aiki, na shafa a yankin bayan kunnenta na dama, na naɗe da foyil. Da na buɗe, gashin ya koma kamar jiƙaƙƙiyar auduga. In na ja sai ya miƙe kamar roba, ya tsinke a yatsuna.

Cikin dare na kira ki ina kuka, Anti malamata, ba ki yi mini faɗa ba. Kika ce in kawo ta da safe. Kika datse wurin da ya lalace, kika gyara tsawon gashin sama ya sauko ya rufe shi, har ba mai ganewa. Sai da kika sallame ta sannan kika zaunar da ni.

Abin da kika koya mini a makonnin nan ya fi duk abin da na kwasa a baya. Cewa tambaya ce farkon aiki: me aka taɓa sa wa gashin, kuma yaushe. Cewa a gwada rinin a fatar bayan kunne awa 48 kafin ranar, a kuma gwada bilic a ɗan silin gashi kafin a taɓa sauran. A difelofa mai lamba 20 sinadarin feroksaid kashi 6 cikin ɗari ne, lamba 30 kuwa kashi 9, kuma wannan ɗan bambancin kan iya cinye gashin da ya riga ya yi rauni. Wanda ya fi zauna mini shi ne ranar da kika karɓe kum daga hannuna kika ce, "Tsaya ki ga inda gashin yake kwanciya da kansa tukuna." Daga nan na gane dalilin da ya sa kike fara yanka kafin rini. In aka rina sannan aka yanka, ana iya datse rabin launin, ko ya faɗo inda ba a nufa ba. Tsaga miƙaƙƙiya tana ba da layi mai kaifi, mai lanƙwasa kuma tana sa launin ya saje. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa hannunki albarka.

Ina godiya ga ƙawata da ta ba ni kanta ranar jarrabawa, alhali ta san abin da ya faru. Awa huɗu tana zaune. Fanel uku na yi mata, biyu a gefen fuska, ɗaya a ƙeya ƙarƙashin gashin sama, wanda ba ya bayyana sai ta tattara gashin. Na bar ɗan rata daga fatar kai, saboda zafin kai yana hanzarta bilic. Ina leƙa foyil ina ganin baƙin yana komawa ja, sannan ruwan lemo, sannan rawaya, kafin in wanke in sa tona, wato rinin daidaita launi. Duk lokacin da hannuna ya yi rawa sai ta yi mini murmushi ta madubi.

Mama, na gode da addu'a. Abokan karatuna da muka yi ta gwaji da kan mutum-mutumin roba har dare, Allah ya ba ku sa'a a naku.

Ke kuma ƙanwata, gashi santimita ɗaya da ɗan wani abu yake tsirowa a wata, na san za ki daɗe kafin wurin nan ya koma yadda yake. Ko sau ɗaya ba ki goranta mini ba. Jiya ke ce kika riƙe mini jakar kayan aiki a bakin ƙofa har na fito. Ki ƙara yafe mini. Duk ranar Asabar zan ci gaba da wanke miki shi ina sa masa mai har ya cika.