Ranar da memuwar ta ɓace a cikin kile

Wata ranar Laraba cikin bazarar bara, dab da la'asar, wata ɗalibar Jami'ar André Salifou ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar shagona, ko canjinta ba ta tsaya karɓa ba. Ta miƙo mini kile, wanda mutanen Kano ke kira filashi, hannunta na rawa.

"Yaya, don Allah duba mini. Memuwar ɗina ce a ciki, kundin kammala karatuna, jibi zan kai wa malamina, kuma na buɗe ban ga komai ba."

Na saka shi a kwamfutar da na ware don irin wannan aiki. Dosiyoyinta duk suna nan da sunayensu, amma kowanne da ƴar ƙaramar kibiya a gindinsa ta hagu. Na duba nauyin kilen, na ga har yanzu cike yake. Sai na ce mata, "Ƙanwata, zauna ki sha ruwa, aikinki bai tafi ko'ina ba."

Wannan birus ɗin duk mai shagon buga takardu a Damagaram ya san shi. Ba ya goge komai. Ɓoye dosiyoyi na gaskiya yake yi, ya ajiye na bogi a madadinsu, kana danna ɗaya ya shige kwamfutarka, daga nan duk kilen da aka saka ya kwasa. Na buɗe baƙin allon nan na cmd, na rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* domin harafin E kilen nata ya ɗauka, na danna. Shafi tamanin da wani abu suka dawo. Ta rufe fuska da mayafi tana ta hamdala.

Washegari ta kawo kwamfutar tata, kamar yadda na roƙe ta. Ta hannu ce, yayanta ya sayo mata a Kano. Wani mai gyara a kasuwa ya zuba mata Office na sata, irin wanda ake kira kirak, a kan jika biyu. Kuma don kirak ɗin ya zauna, sai da ya kashe Microsoft Defender, wato mai gadin da Windows ke zuwa da shi kyauta, bai kuma sake kunna shi ba. Wata da watanni kwamfutar na buɗe, tana karɓar kile daga ƙawaye da shagunan hoto, babu mai tsaron ƙofa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Jika biyun nan sun kusa cinye mata aikin shekara guda.

Ni ma na yi wannan sana'a a farkon buɗe shagona, ba zan ɓoye ba. Haka na tarar ana yi, ban san akwai wata hanya ba. Abin da ke damuna yau shi ne mutanenmu na biyan kuɗi su sayi abin da zai cuce su, alhali ga na halal nan kyauta, masu shi da kansu suka ce kowa ya ɗauka.

LibreOffice na saka mata. Wata gidauniya mai suna The Document Foundation da ke Jamus ce ke kula da shi, tun 2010 da ya rabu da OpenOffice. Akwai Writer na rubutu, Calc na lissafi, Impress na nuna aiki ranar sutnans, wato ranar da ɗalibi ke kare memuwarsa gaban malamai. Yana da Faransanci, yana buɗe takardun Word, yana kuma adana su a docx. Nauyinsa bai kai rabin giga ba, in mutum ɗaya ya sauke, unguwa guda za ta iya kwafa. Sai dai in faɗi gaskiya: takardar da aka cika wa teburori da ado a Word, wani lokaci layukanta kan ɗan goce in an buɗe ta a Writer. Shi ya sa duk abin da za a kai wurin bugawa nake cewa a mai da shi PDF tukuna, maɓallin na nan a sama, dannawa ɗaya. Kuma abu na farko da nake gyarawa bayan na saka shi shi ne lokacin adana aiki da kansa. Nakan mai da shi minti 3. Wanda ya taɓa zama yana rubutu a watan Afrilu, batirin kwamfutarsa ya mutu tuntuni, babu ondilar mai riƙe wa kwamfuta wuta, kuran ya ɗauke a tsakiyar babi, ya san dalilina.

Akwai wasu ƙanana da ba na barin kwamfuta ta fita shagona babu su. VLC, mai alamar hular lemu ta kan hanya, wanda ɗalibai suka fara a wata makarantar injiniyoyi ta Faris a 1996, kusan babu bidiyo ko sautin wa'azi da zai gagare shi. SumatraPDF na buɗe littafi mai ɗaruruwan shafuka a tsohuwar kwamfuta ba tare da ta yi nishi ba. Sai 7-Zip na kwance matsattsun dosiyoyi, kuma ba zai taɓa damunka da saƙon ka biya ba. Sharaɗi ɗaya ne: a ɗauko kowanne daga shafinsa na asali. Shafukan da ke cike da manyan korayen maɓallai na "sauke nan" su ne ramin da mutane ke faɗawa.

Wanda na fi so a raina shi ne Kiwix. Tun 2007 yake, aikinsa shi ne ya ba ka Wikipedia ba tare da intanet ba. Ka sauke kundin sau ɗaya, ka ajiye, ka riƙa bincike ko kana ƙauyen da layin waya bai kai ba. Na Faransanci cikakke yana da nauyi ƙwarai, amma akwai wanda aka cire wa hotuna, akwai na fannin likitanci shi kaɗai, akwai kuma na Hausa, wanda ba shi da nauyi. Wani ƙanena da ke koyarwa a wani ƙauye wajen Mirriya na zuba masa. Da ya zo hutu ya ce mini, "Yaya, yanzu in yaro ya yi mini tambayar da ban sani ba, ba na cewa sai na shiga gari."

Sai maganar haruffanmu, wadda ta daɗe tana ci mini rai. Kwamfutocin da ke hannunmu iri biyu ne: masu allon AZERTY na Faransa, da masu QWERTY da ke shigowa ta Kano. Babu wanda ke da ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a kan maɓallansa. Sai ka ga an buga takardar gayyata ko littafin yaƙi da jahilci an rubuta "kasa" inda ake nufin ƙasa, an rubuta "daki" a wurin ɗaki. Mai karatu babba zai gane daga ma'ana, amma yaron da ke koyon karatu fa? Kuma mu a Nijar ƴ mai lanƙwasa muke rubutawa, inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke sa 'y. Maganin bai da tsada ko kaɗan. A cikin Windows kanta akwai tsarin madannai na Hausa, ana ƙara shi daga wurin zaɓen harsuna. Akwai kuma Keyman na ƙungiyar SIL, kyauta, da salon haruffa irin su Charis da Andika waɗanda ke fitar da lanƙwasar nan tsaf a kan takarda. Duk wanda ya kawo mini rubutun Hausa, da su nake buga masa, ko bai nema ba.

Akwai wata damuwa kuma da ta tunkaro mu. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Ya buɗe ƙofar ƙarin shekara guda, har Oktoban 2026, wanda ɗaya daga hanyoyin samunsa biyan dala 30 ne, dalar Amurka, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Windows 11 kuwa na neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, kuma yawancin HP da Dell da Lenovo na hannu da ke yawo a garin nan ba su cika sharaɗin ba. Masu tallan lambobin lasisi masu arha a intanet sun samu kasuwa. Ina jan kunnen mutane a kansu, domin da yawa lambobin kamfanoni ne da ba a yarda a sayar wa ɗaiɗaikun mutane ba, suna iya daina aiki kowane lokaci, kuma babu wanda za ka kama.

Tsofaffin kwamfutoci biyu na shagona Linux Mint na saka musu a madadin Windows, nau'in Xfce marar nauyi. LibreOffice na zuwa a cikinsa, kuma birus ɗin kibiyar nan ba ya iya tashi a kansa, shi ya sa a ɗayarsu nake fara saka kilen duk baƙon da ya shigo. Yaron shagona kwana uku ya yi yana laluben inda abubuwa suke, daga nan ya saba. Matsalar da muka sha ita ce injin bugawa guda ɗaya da ya ƙi jituwa da shi, sai muka bar shi haɗe da mai Windows.

Ɗalibar nan ta dawo bayan sutnans ɗinta, ta kawo mini kwafin memuwar mai bango shuɗi in gani, ta kuma taho da ƙawayenta biyu, kowacce rungume da kwamfutarta. Ta farko da na buɗe, na shiga wurin tsaro, na tarar ita ma Defender ɗinta a kashe yake. Na jawo musu benci, na aiki yaro ya sayo ruwan sanyi, na ɗauko kilen da nake ajiye manhajojin nan daga aljihun tebur.